Sanin Inda Ɓarna Ta Tsaya

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da ake haƙar albasa a fadamun Galmi da Dogarawa da Tsarnawa, babu abin hawan da ke shan wuya kamar a-kori-kura. Manyan motoci masu zuwa Gana da Kodebuwa ba sa shiga gona, bakin kwalta suke tsayawa su jira. Ƙaramar motar ce ke kutsawa cikin rairayi da kwazazzabai, ta kwaso buhunan da kowannensu ya haura kilo 100, ta juye, ta koma, tun asuba har bayan isha'i, cikin zafin da ke wuce digiri 40. Masu ƙera ta sun ce kimanin tan ɗaya za ta ɗauka. Mu kuwa mukan ɗora mata ninki, sannan 'yan dako su haye bisa kayan. In albasa ta ƙare, ga siminti daga Malbaza, ga bisashe ranar kasuwar Badagishiri, ga fasinjan ƙauyukan Illela waɗanda ba su da wata mota sai ita.

Ana cikin wannan hidima wata rana direba zai ji ƙwaras daga gaban inji, mota ta ɗauke tana cikin tafiya. Ya gangara gefe, ya murɗa makulli. Sitata na juyawa, har ma ta fi kullum sauri da sauƙi, amma inji ko tari bai yi ba. Direban da ya san hannunsa, nan zai zare makulli ya kira gareji. Wanda bai sani ba zai tara samari a yi ta turi, kuma kowane turi ƙarin asara ne ga mai mota.

Abin da ya tsinke sarƙa ce, wadda in ka gan ta a ƙasa za ka ce ta babur ce. A ƙasan inji akwai karanshaf, ƙarfen da fistoci ke juyawa in suna hawa da sauka. A sama, cikin kan inji, wanda a Ƙwanni ake kira kilas, a Sakkwato tof silinda, akwai kamshaf mai buɗe bawul-bawul, na shiga da na fitar da hayaƙi. Sarƙar ce ke ɗaure su wuri guda: karanshaf ya juya sau biyu, kamshaf ya juya sau ɗaya, ba ƙari ba ragi. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli mata suna lugude ya riga ya fahimci sauran. Taɓare biyu, turmi ɗaya. Wannan na sauka, wancan na tashi, kuma ba sa haɗuwa saboda kowace mace ta riƙe lokacinta. Haka fistan da bawul suke, gurbi ɗaya suke shiga, sai dai ba a lokaci ɗaya ba. In inji na juyi 3,000 a minti, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 25 a daƙiƙa guda. Da sarƙa ta tsinke, kamshaf zai tsaya cik da wasu bawul a buɗe, fistoci kuwa nauyin mota na ci gaba da tura su. Sai su haɗu. A injin gazuwal, inda ake matse iska har ninki 22 kamar a 3L da 5L na Toyota, tazarar da ke tsakanin fistan da kan inji ba ta kai a zura ƙwandala ba, don haka babu batun tsira.

Sarƙar kanta ba ta da tsada in aka gwada ta da inji. Abin da mai mota ke biya, ko ya sani ko bai sani ba, shi ne sanin inda ɓarnar ta tsaya. Tana iya tsayawa a bawul biyu. Tana iya gangarawa har gindin inji. Tsakanin waɗannan biyu akwai bambancin kuɗin da ya isa ya cinye ribar kaka guda, kuma makanikin da ya ƙware shi ne mai iya nuna iyakar da yatsa, tun kafin a sayi ko noti ɗaya.

Birnin Ƙwanni wuri ne da irin wannan sani ke taruwa. Babbar hanyar da ta taso daga Yamai, mai nisan fiye da kilomita 400, ta nan take ratsawa zuwa Maraɗi da Damagaram. A Tsarnawa hanyar Tawa ta rabu. Iyaka na nan kusa, Illela ta Najeriya na tsallake, Sakkwato ba ta kai kilomita 100 ba. Kowace irin mota sai ta biyo, kowace iri kuma sai ta lalace. Tsofaffin makanikan garin da Fijo suka buɗe ido, 404 da 504 masu tampol a baya, waɗanda masana'antar Kaduna, wadda ta soma aiki a 1975, ta riƙa haɗawa, kuma injinsu na fetur da sarƙa yake aiki. Daga baya Hilux ta kore su daga hanya. To amma Hilux suna ne kawai, injinan da ke cikinta sun bambanta, kuma ilimi na farko shi ne rarrabe su da kallo ɗaya. Na gazuwal irin 2L da 3L da 5L bel gare su, na roba, wanda aka ce a sauya duk kilomita 100,000. Na fetur irin 22R da 3RZ da 2TR sarƙa ce. Nissan Navara ta 2005 zuwa sama, mai injin YD25, wadda ke faɗowa hannun 'yan kasuwa in ma'aikatu da ƙungiyoyi sun yi gwanjo, sarƙa biyu gare ta, kuma ta ƙasan mai layi ɗaya ta yi ƙaurin suna a duniya wajen saurin gajiya.

Zan tsaya kan 22R, don shi ne injin da ya koyar da mafi yawan waɗanda ke koyarwa yau, kuma rauninsa sananne ne. Daga wajen 1983 Toyota ta mayar da sarƙarsa mai layi biyu zuwa layi ɗaya, ta sa mata madogarai na roba. Sarƙa ba miƙewa take yi ba kamar yadda ake faɗa. Kowane ƙulli nata yana da ɗan ƙarfe a tsakiya, su ne ke cinyewa kaɗan-kaɗan, in aka tara cinyewar ƙulli kusan ɗari sai ka ga tsawo ya ƙaru. Mai ɗame ta kuwa da ƙarfin baƙin mai yake aiki. Shi ya sa alamar farko da safe take zuwa: a tada inji, a ji caccaka ta daƙiƙa biyu ko uku kafin mai ya hau, sannan ta yi shiru. Direba ya ce ai ta saba. Sarƙar da ta saki tana dukan madogarin roba har ya farfashe, gutsattsarin su zube cikin kaskon mai. Daga nan sai ta koma cin murfin gaba, wanda na alminiyam ne, kuma a bayansa ruwan lagireto ke bi. Ranar da ta huda shi, ruwa da mai sun gauraya.

Me ke hanzarta wannan a ƙasarmu? Ƙura, da baƙin mai. Hunturu na cika iska da gari, matatar iska ta toshe, yaron mota ya kaɗe ta a jikin taya ya mayar, wani ma ya cire ta gaba ɗaya don mota ta ja. Baƙin mai kuma a sayo na kwalba a bakin hanya, ba a san asalinsa ba, a bar shi har ya yi kauri ana cewa sai an gama kaka za a yi juye. Sarƙa a cikin wannan man take wanka. In da yashi a ciki, yashin take sha.

In an jawo mota gareji, maigidan ba ya fara taɓa sifana. Direba yake fara kamawa. "Mi kaj ji kahin ta mutu? Gudu kake ko a hankali? Sau nawa ka buga ta bayan nan? An tura ta?" Amsoshin nan rabin bincike ne, in direba ya faɗi gaskiya, kuma maigidan ya san sau da yawa ba zai faɗa ba matuƙar mai mota na tsaye. Sai ya sa a ɗan taɓa makulli, taɓawa ɗaya. Injin lafiya in sitata na juya shi yana da numfashi huɗu, kana jin yana nauyi yana saki. Wanda bawul ɗinsa suka lanƙwashe sumul yake juyawa da murya ɗaya. A 22R akwai gajeriyar hanya: a cire hular distirbuta a kalli abin da ke juyawa a ciki, tunda kamshaf ke tuƙa shi. In inji na juyi shi kuma yana tsaye, magana ta ƙare.

A nan mai mota kan tambayi kuɗi. Amsar ƙwararre kusan iri ɗaya ce ko'ina: "Alhaji, ku bari in buɗe tukuna. Duk wanda ya yanke muku kuɗi bai buɗe ba, cinikin duhu kuka yi."

Da an ɗaga murfin sama, kafin a kwance kan inji, idon da ya saba yana iya ƙirga asarar. Bawul ɗin da ya lanƙwashe ba ya komawa mazauninsa, don haka sifirin ɗinsa yana zama ƙasa da na 'yan'uwansa, kuma in ka kaɗa abin da ke danna shi za ka ji rata mai yawa. A wannan injin ratar da ta dace ita ce milimita 0.20 a na shiga, 0.30 a na hayaƙi. In ɗan yatsa na jin wasa ƙarara, wannan ya tafi. Sannan a zo kwance ƙusoshi goma na kan inji, daga gefe zuwa tsakiya, a gicciye, kaɗan-kaɗan, domin alminiyam in aka sake shi gefe ɗaya murɗewa yake. Akwai kuma ƙusa ta goma sha ɗaya, ƙarama, a can gaba ƙarƙashin haƙoran kamshaf, nutse cikin ɗan tafkin baƙin mai inda ido ba ya ganinta. Yaron da bai san da ita ba zai ga kai ya ƙi tashi, ya sa ƙarfe ya ɓanɓara, ya fasa murfin gaba. Kusan kowane gareji akwai wanda aka taɓa zagi a kanta, kuma wanda aka zaga ba ya sake mantawa.

Abin da ya fi burge ni shi ne kayan awon. A littafin masu ƙera mota akwai na'ura ga kowane gwaji. A ƙarƙashin rumfar kwano a Ƙwanni ko Malbaza akwai kwali, da gilashi, da fetur cikin gwangwanin tumatir, kuma amsar da suke bayarwa ba ta kauce wa ta littafin ba. Kwalin ana huda shi layi-layi, kowace ƙusa da kowane bawul a soke shi a gurbinsa, don abin da ya fito daga silinda ta uku ya koma ta uku. Kan inji a kifa shi, a cika ramukansa da fetur, a zauna a jira. Fetur ya fi ruwa sanin hanya. Inda bawul bai zauna daidai ba za ka ga danshi na tsattsafowa ta baya. Wanda ake shakka a zare shi a mirgina sandarsa a bisa gilashin tsohuwar taga: miƙaƙƙe yana tafiya lami lafiya, lanƙwasasshe kansa na rawa, ko da lanƙwasar ba ta kai a gan ta da ido ba. Fuskar kan injin kuma a ɗora mata ƙarfe miƙaƙƙe, a tsaye da a gicciye, a nemi rata da siraran ma'aunai. In ta wuce milimita 0.15, sai an kai wa masu injin fiƙe a Sakkwato ko Maraɗi su daidaita.

Sannan a leƙa fistoci. Kusan kullum akwai tabo a samansu, ɗan lauje inda gefen bawul ya sara. Tabo kaɗai ba ya kashe fistan. Maigida zai goge shi, ya bi da farce, ya duba ko saran ya kai baki inda ringi ke zaune, don in ya matse ringi to mota za ta yi ta shan mai tana hayaƙi. Sai ya juya karanshaf da hannu ya kawo fistoci sama bibbiyu, ta ɗaya da ta huɗu, ta biyu da ta uku, ya gwada tsayinsu. In ɗaya ta gaza 'yar'uwarta ko da kaurin takarda ne, sandar da ke riƙe da ita ta lanƙwashe, kuma ɓarna ta sauka ƙasa. A injin gazuwal wannan awo ba wasa ba ne, domin da shi ake zaɓen kaurin gasket ɗin da za a sa.

Akwai aiki ɗaya da ke raba makanikin kirki da mai gaggawa, kuma mai mota ba zai taɓa ganinsa ba: sauke kaskon mai. Aiki ne na kwanciya a ƙasa cikin ƙura, a wasu motocin ma sai an ɗaga inji ko an kwance wani abu kafin kaskon ya fito. Amma gutsattsarin robar nan da suka zube suna can, kuma famfon mai ta cikin rariya yake zuƙa. In aka bar su za su taru a bakin rariyar. Mota za ta tashi lafiya, a biya kuɗi, a yi godiya, bayan 'yan makonni inji ya buga a hanyar Tawa, a ce ƙaddara ce. Mai sauke kasko yana samun wani abin kuma: yana ganin man da idonsa. In ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya shiga. In yana ƙyalli a rana, metal ɗin karanshaf ya soma ci, sai a kwance ɗaya a duba, a bi wuyan karanshaf da farce. Farce in ya sarƙe, ƙarfen na buƙatar fiƙe.

Yanzu ne ake iya maganar kuɗi, kuma yanzu ne amana ke shigowa. In ɓarna ta tsaya a sama, wato bawul da sarƙa da madogarai da gasket, gyara ya fi. In ta kai ga sandar fistan da karanshaf, ko bawul ya karye ya faɗa ya daddatse silinda, lissafi ya juya. Garambawul na gaba ɗaya yana nufin kaya da yawa, kowanne da haɗarin a sayo jabu, da zirga-zirga wurin masu fiƙe, da kwanakin da mota ke kwance alhali lokacin nema na wucewa. Makaniki ya fi samun kuɗin hannu a garambawul. Wanda ya dubi Alhaji ya ce masa "wannan ku nemo wani inji, gyaransa asara ne," ya bar kuɗi a ƙasa, kuma irinsa ne mutane ke jawo wa mota tun daga Madawa.

In gyaran ne, sai a zauna wasa bawul. Sabon bawul bai san tsohon mazauni ba, sai an saba musu da juna. Ana shafa ɗan maganin wasa mai yashi-yashi a bakinsa, a kama kansa da sanda mai roba, a murza tsakanin tafuka, a ɗaga, a ɗan juya, a sake. Da farko ƙarar gurza-gurza ce, a hankali ta koma laushi, kuma da kunne ake sanin an kai. In aka goge, za a ga zobe mai ruwan toka ya zagaye bakin, faɗinsa ɗaya ko'ina, ba yankewa. Bawul takwas ne a 22R, goma sha shida a YD25. Wannan aikin yara ne, kuma da gangan ake ba su. Yaron da ya iya zama da bawul takwas bai yi ha'inci a na bakwai ba, ana iya soma ba shi abin da ya fi haka. Maigida ba ya tambaya ko an gama. Fetur yake sake zubawa.

Ɗaurin sarƙa shi ne inda ake yin shiru a gareji. A kawo fistan ta ɗaya can ƙololuwa. A kan sabuwar sarƙa akwai ƙulli masu haske da suka bambanta da sauran, a kan haƙoran sama da na ƙasa kuma akwai ɗigo. Haske ya hau ɗigo a ƙasa, haske ya hau ɗigo a sama. Da faɗi kamar ba wuya. Amma kayan da ake samu a kasuwa ba duka ke zuwa da alama ta gaskiya ba, wasu ma ba alamar sam, kuma kuskuren haƙori ɗaya ya isa ya sa mota ta rasa ƙarfi tana cin mai, na biyu ko uku ya sake haɗa fistan da bawul. Don haka ƙwararre ba ya dogara da ɗigo kaɗai. Yana kallon silinda ta huɗu: in ta ɗaya na ƙololuwar matsa, a ta huɗu bawul ɗin hayaƙi na rufewa daidai lokacin da na shiga ke soma buɗewa. In ya ga haka, saiti ya zauna ko da babu alama ko ɗaya. Bayan nan sai doka wadda ba a karyawa: kafin a taɓa makulli, a sa sifana a juya inji da hannu, zagaye biyu cikakku, a hankali. In akwai abin da zai haɗu, hannu zai ji ya tsaya, ba abin da ya karye. Sitata ba ta da wannan tausayin.

Ba zan ce komai daidai ake yi ba. Ƙusoshin kan 22R an ce a ɗaure su da ma'auni, kilo 8 a kan sanda mai tsawon mita, daga tsakiya zuwa gefe, a zagaye uku. Garejin da ke da sifana mai awo ba su da yawa, sauran da damtse suke aunawa. Na yarda damtsen wanda ya shekara talatin yana wannan aiki yana kusantar gaskiya ƙwarai. Na yaronsa fa? Haka kuma son gam: a lafta shi a kowace fuska har ya tsiyayo ciki, ya bushe, ya gutsure, ya je ya toshe rariyar da aka sha wahalar wankewa. Da kuma mayar da tsohon mai ɗame sarƙa don a rage wa Alhaji kuɗi, alhali shi ne ya soma kawo matsalar. Ko da yake a wannan na ƙarshe, sau da yawa Alhajin ne ya ce a mayar.

In kuwa shawara ta tsaya kan sauya inji, wani ilimin ne daban, rabinsa na ƙarfe rabinsa na kasuwa. Sabon inji daga kamfani ba zancen mai a-kori-kura ba ne. Ɗan Kwatano ake nema, wanda aka ciro daga motar da ta gama zamaninta a Turai ko Japan, wani ta Dubai ya biyo. Hanyoyinsa sanannu ne: Ladipo a Legas, Nnewi, Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko kasuwannin kayan mota na Yamai. Siyasa kuma tana shiga har cikin gareji. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an sake rufewa, sai a Maris na 2024 aka buɗe, ita kuwa hanyar Kwatano ta gadar Gaya ta daɗe a toshe bayan haka. Kowace rufewa tana nufin kaya su yi wuya, a koma gyaran abin da da jefarwa za a yi. Makanikin Ƙwanni yana sanin farashin naira da sefa a bakin 'yan canji kamar yadda ya san lambar sifana, domin da shi zai ce a nufi Kano ko a nufi Yamai.

Mai hankali ba ya zuwa sayen inji ba tare da makanikinsa ba. Injin yana ƙasa a kan tsohuwar taya, an wanke shi tas, wani har da fenti, ba lagireto ba batir, mai shago na rantsuwa. Wankin nan shi ne abin da makaniki ya fi ƙi, don ya goge shaidar inda mai ke yoyo. Sai ya nemi shaidar da ba ta wankuwa. Ya sa sifana ya juya, yana ƙirga nauyi huɗu a zagaye biyu, yana ji ko ɗaya ta fi sauran laushi. Ya cire fulogogi ya jera su, ya ga ko launinsu ɗaya. Ya buɗe murfin sama: ƙarfe mai ruwan zuma na nufin an kula da juye, baƙin dasƙararren laka na nufin akasin haka. Ya leƙa mashigar ruwa ya ga tsatsa. Ya kama karanshaf ya ja gaba ya tura baya. Sannan ya duba abin da mai mota ba zai taɓa tunawa ba, wato ko injin zai zauna a motar. Na Japan daga mota mai sitiyari a dama ya fito. Kaskon mai na mota mai jan ƙafa huɗu ba lalle ya yi daidai da na mai ƙafa biyu ba. Ƙafafun inji, bakin giya, wayoyi, duk sai an gwada da na tsohon, kuma sau da yawa sai an kwashe na tsohon an mayar kan sabon. In daga fetur za a koma gazuwal, takardun mota ma sai an gyara. Kuma ko mai shago ya yi rantsuwa da me, ƙwararre zai sa sabuwar sarƙa tun injin na ƙasa, lokacin da aikin bai wuce na yini ba.

Sababbin Hilux, daga 2015, da injin gazuwal na GD suka zo, kuma sarƙa Toyota ta sa a cikinsu. Waɗannan kwamfuta ke lura da su, akwai na'urar da ke ƙirga juyin karanshaf da wadda ke ƙirga na kamshaf, in suka saɓa sai fitila ta kama. Samarin gareji yanzu suna da ɗan akwatin da ake soka wa mota ya karanto laifinta, suna kuma kallon bidiyon makanikan Pakistan da Ostareliya a waya. Dattawan na yi musu dariya, amma in irin wannan mota ta shigo su suke kira.

Tsohon injin da aka sauke ba ya barin gareji da wuri. Ana tura shi gindin bango, kuma daga ranar ya zama shago. Wata mota za ta zo neman kamshaf, wata famfon mai, wata ƙusa ɗaya tak da ba a samu a kasuwa ba. Yara kuma a kansa suke koyon kwancewa da ɗaurewa, inda kuskure ba ya cin kuɗin kowa. In an gama tatse shi, gangar baƙin ƙarfen ta tafi wurin 'yan gwangwan a kan sikeli. Kan injin da murfin gaba, da yake alminiyam ne, maƙera masu zubin tukwane ke saye, su ma da kilo, kuma sun fi 'yan gwangwan biya.